Tattakin da Ya Kai Ni Gobir

Asalin wannan al'amari, in za a bi salsala, daga bakin wani likita ya fito, yaro ne ƙarami wanda da a zamanin da nake koyarwa ne bai wuce ya goge mini allo ba, amma da yake Allah Ya hore masa ilimin jiki, ni kuwa Ya jarrabce ni da hawan jini da tumbi, sai ga ni gabansa a ladabce kamar almajiri, ya dubi takarda, ya dube ni, ya ce, "Baba, maganinka yana ƙafarka, ka riƙa tafiya a ƙasa kullum." Na ce, "Zuwa ina, ɗana?" Ya ce, "Ba ko'ina ba, tafiya kurum."

Na komo gida Sabon Garin Maraɗi ina juya wannan fatawa a zuciya, domin tun da na yi wayo ban taɓa ganin mai cikakken hankali ya ɗaura niyyar zuwa ba ko'ina ba. Kakanninmu sun taka har Gwanja neman goro, sun taka har Makka neman gafara, ana tafiya fatauci da ta'aziyya da biko, amma kowa da hujjar da zai faɗa in an tare shi a hanya. Ɗan ƙanena da ya yi karatu a Faransa shi ya ƙarfafa mini gwiwa, ya ce can har hanyoyi aka ware cikin tuddai da dazuzzuka, ana shafa wa itatuwa da duwatsu fenti ja da fari don kada mai tafiya ya ɓace, kuma manyan mutane masu motoci su ne kan gaba wajen wannan wahala. Na ce to, abin da mai mota ya yi da gangan, tsohon malamin makaranta ba ya jin kunyarsa.

Kwana uku na jarraba cikin gari, kwana ukun nan kuwa ban sami taku ɗari a jere ba sai wani ɗan kabu-kabu ya ci birki gabana ya ce, "Baba, hau, ko ba ko dala sai in kai ka." Ran na huɗu maƙwabcina, mutumin kirki, ya aiko da tiya biyu ta gero a asirce, tare da saƙon cewa duniya rawar 'yan mata ce, in yi haƙuri. Nan na fahimta unguwa ta riga ta yanke hukunci cewa karayar arziki ta same ni, sai na ƙudura in kai tattakina daji, inda ba mai tausaya mini.

Na zaɓi Jiratawa, kudu da Maraɗi, garin noman rani da zogale, na ce wa matata Hajiya ta jiƙa ƙuli-ƙuli, da kaina zan kawo mata ganyen kwaɗo daga tushensa. Ta ce, "Malam, zogalen nan fa ana tallarsa a ƙofar gida." Ban tanka ba. Daren nan har na buɗe Risala in duba ko kasaru ta hau kaina, na tarar sai tafiya ta kai mil 48, tawa kuwa ko rubu'i ba ta cika ba, na rufe littafin da ɗan baƙin ciki, don na so a ce ni ma musafiri ne.

Bayan sallar asuba, cikin sanyin hunturu da hazo mai kauri, na gangara fadama da sandata da buta da babbar riga, wadda ita ce kuskurena na farko. Wanda bai san Maraɗi ba sai daga kan kwalta bai san cewa garin na asali a cikin wannan kwari yake ba, inda Ɗan Kasawa da Katsinawan da jihadi ya fitar daga birninsu suka kafu wajen 1819, suka mai da kurmin gulbi garkuwarsu, har ambaliyar 1945 ta ci gidaje aka hau da gari kan tudu. Shekara talatin ina karantar da wannan ga yara, ban taɓa taka wurin da ƙafata ba, sai ran nan. Ina tafe ƙarƙashin mangwaro da tsamiya da kanya, ina hasashen dawakin Sarki Ɗan Baskore suna ratsa wannan sarƙaƙiya za su kai hari, har na ji sandata ta fara kama da mashi.

Abin da ya fi burge ni shi ne gawo, itacen da ya saɓa wa dukkan itatuwa, yana zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, sa'an nan ya yi kore shar da rani lokacin da kowa ya bushe. Gonakin da na sani fayau bayan fari na 1984 yanzu duk matasan itatuwa ne, albarkacin abin da manoma ke kira sassaben zamani, wato a bar tohon kututture a gyara shi maimakon a sare. Ina cikin wannan tafakkuri, kaina a sama, ƙafata ta kai ni tsakiyar karangiya, ita kuwa babbar riga ta shiga tara ta da himma irin ta mai karɓar zakka.

Na tsuguna ina cira ke nan sai ga wata jar akuya, irin tamu ta Maraɗi da ake alfahari da fatarta har ƙasashen waje, ta zo tana shinshinar aljihuna inda na ɓoye ƙosai. Na kore ta, ta dawo. Na tashi, ta biyo ni. Na tsaya, ta tsaya. Can sai na ji muryar wata tsohuwa daga bayan kalgo tana kururuwa, "Jama'a, ga shi nan zai tafi da ita!" Kafin in tsara jawabin kare kai, wanda na tabbata da an saurara da ya gamsar, wani kare ya taho ba da niyyar sauraro ba, ni kuwa da likita ya ce in yi tafiya sai ga ni ina gudu, na faɗa cikin gulbi, na haye, na sake hayowa, na kuma hayewa, har na daina ƙidaya.

To, Gulbin Maraɗi da rani yashi ne zalla, kuma kogin da ba ruwa ba ya gaya maka inda ya fito balle inda ya nufa. Rana ta ɓuya cikin hazo, babu itace ko ɗaya mai fenti ja da fari. Na yi ijtihadi, na zaɓi ɓangaren da zuciyata ta natsu da shi, na miƙa. Na sadu da masu ɗiban yashi da wani Bafillace da shanunsa, kowannensu da zai iya shiryar da ni da kalma guda, amma girman kai ya hana malamin tarihi da labarin ƙasa ya tambayi hanya a bayan garinsu.

Wajen azahar, ƙafa ta kumbura, buta ta ƙafe, na iso gefen wani gari, na sami dattawa a gindin bedi, na yi sallama, aka ba ni ruwa da tabarma. Da numfashi ya dawo, sai halin koyarwa ya motsa, na shiga yaba musu bisa ƙoƙarinsu na noman rani, na ce zogalensu ya yi suna har Yamai, na roƙi a sayar mini na dala ashirin. Suka yi shiru suna duban juna, sai a lokacin na lura da tsagen da ke kumatunsu. Babbansu ya gyara zama ya ce, "Malam, ina ka nufa?" Na ce, "Nan Jiratawa." Ya ce, "To, Jiratawa dai tana inda ka baro ta. Nan Tibiri ne, ƙasar Gobir."

Don in rufe kunya na ce ai na sani, garin da Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ya ce, "Mayaƙi da saninsa ya zo." Sa'an nan ya tambayi abin da ya fito da ni, na ce likita ne ya ce in yi tafiya ba ko'ina ba. Ya jinjina kai ya ce, "Ashe kuwa ka isa."

Suka ciyar da ni fura, suka tsayar mini da ɗan kabu-kabu, wanda da ya cire rawanin da ya rufe fuskarsa sai na ga yaron unguwarmu ne, ɗaya daga cikin waɗanda na ƙi hawa nasu. Bai ce kome ba har muka shiga Maraɗi, sai dai kafaɗunsa suna ta rawa. Na ba shi jaka guda, rabi kuɗin hanya, rabi kuɗin riƙe baki, amma tun kafin magariba labari ya riga ni zuwa masallaci.

Hajiya ta shimfiɗa rigar a tsakar gida, ita da jikoki biyu suna tsince karangiya har isha'i. Ba ta tambaye ni zogale ba, don tun da hantsi ta saya a ƙofar gida ta kwaɗa. Da safe yaron maƙwabcina ya sake yin sallama, wannan karon da rubutun sha a cikin kwalba.