Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Mai Sayen Kaya Daga Ƙasar Waje

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyar iyali, musamman ɗan nan naka da kullum gobe ce ranar haihuwarsa. Saƙonka na daren jiya ya iso, kamar yadda ya isa ga duk wanda ya taɓa ɗora hoton atamfa ko turaren wuta ko tsohuwar waya a Facebook da Instagram, daga Kano har Damagaram. An karanta, an fahimta. Jiya kai injiniya ne a tsakiyar teku inda kiran waya ba ya shiga, makon jiya kuwa soja ne mai aikin kiyaye zaman lafiya. Kana son kayan ko nawa ne kuɗinsu, za ka ɗora da na jigila, wakilinka zai zo ya ɗauka. Allah ya ƙara arziki. Sai dai akwai 'yar magana da masu sana'a suke ƙunshewa don kunyar baƙo, ni kuwa zan amayar da ita.

Yallaɓai, duk cinikin da kake kawowa tubalinsa ɗaya ne: ka miƙo abin da za a iya janyewa, ka karɓi abin da ba ya dawowa. Idan caki ka turo, banki a Amurka yakan saki kuɗinsa cikin 'yan kwanaki, amma gano cewa na jabu ne yana iya ɗaukar makonni, kuma ranar da aka gano, daga asusun wanda ya kai cakin za a zare. Idan da kati ka biya, katin na wani bawan Allah ne, wanda zai ga an taɓa masa kuɗi ya kai kuka bankinsa a mayar masa, ko da bayan watanni ne. PayPal kansa yana ba mai saye kwana 180 ya buɗe ƙorafi. Idan kuma ranar rowa ce, ko sisi ba ka turowa, sai imel mai tambarin kamfani da ke cewa kuɗi suna nan a riƙe har sai an aiko da lambar bibiyar kaya. Wanda ya rufe imel ɗin ya shiga asusunsa da kansa zai tarar wayam. A ɗaya ɓangaren me kake karɓa? Kwalin da ya riga ya hau jirgi, da tsabar da aka tura ta Western Union aka cire, da lambar katin kyauta da aka kankare aka ɗauki hotonta. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da hanyar komowa gida.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne kuskuren nan naka mai albarka. Kaya na dala 300, sai sakatarenka ya rubuta 800, sai ka dawo da ban haƙuri da rantsuwa, a taimaka a tura ragowar ga wakilin jigila kafin jirgi ya tashi. Wannan sakatare ya cancanci lambar yabo, domin tun da yake kuskure bai taɓa yin na ragi ba, kullum na ƙari ne, kuma kullum ragowar ba asusun da kuɗin suka fito za ta koma ba, wani asusun ne dabam mai wani suna dabam. Duba inda ka ɗana tarkon. Ba kwaɗayin mai kaya ka nufa ba, amanarsa ka nufa. Hajiya mai humra ta ga kuɗin da ba nata ba, barci ya ƙaurace mata, gari na wayewa ta garzaya ta mayar da haƙƙin mutane, da kuɗinta na gaske, daga jarinta. Bayan mako biyu biyan farko ya rushe, ta rasa kaya, ta rasa dala 500, banki kuma yana binta. Wannan ma idan an yi sa'a ke nan. Idan kuɗin na gaske ne da aka kwaso daga asusun wani, to ita ce ta karɓa, ita ce ta tura gaba, sunanta da BVN ɗinta ne a takarda, asusunta za a rufe, ita za a kira ta yi bayani. Kai kuwa kana tsakiyar teku, waya ba ta shiga. Macuci kawai. Ka mayar da tsoron Allah na mutane ƙofar shiga aljihunsu, sannan ka rufe saƙonka da fatan Allah ya albarkaci kasuwa.

Sauran ƙananan halayenka, irin su neman lambar nan mai alƙaluma shida da aka turo wa mai kaya don ka ƙwace masa WhatsApp, da matsawa a bar dandalin da aka haɗu a koma gefe, ba zan ɓata tawada a kansu ba.

Na san za a ce laifin mai kaya ne, kwaɗayi mabuɗin wahala. Akwai ƙamshin gaskiya, musamman tun 2023 da naira ta zube har odar dala ɗari ta zama abin tashi tsaye. Amma mafi yawan waɗanda kake kayarwa sabo ne ya kayar da su. A nan gida an saba da tura kuɗi nan take daga banki zuwa banki: idan mutum ya duba asusunsa ya gan su, sun zauna, abin tsoro kawai shi ne alat na bogi. Mai kaya ya ɗauka haka duniya take ko'ina. Ba wanda ya gaya masa cewa caki da kati suna da wutsiya mai tsawo. Ta yaya ma zai sani, alhali lokacin da PayPal ya shigo Najeriya a 2014 damar turawa kawai ya bayar, ban da karɓa, aka shafe shekaru a haka?

Za ka kuma ce, wa ya ga ɗan Najeriya da wa'azin damfara? An ji. Sashe na 419 mai hukunta damfara namu ne, an kafa hukumar EFCC a 2003 ba don ado ba, ɗan damfarar nan Hushpuppi ma a 2022 kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 11. To ai wannan hujjar a kanka ta faɗa, domin sau da yawa tekun da kake ciki bai wuce wani ɗaki mai janareta a nan kusa ba. Ka ɓata mana suna a waje har mai saye na gaskiya yana ɗar-ɗar da mu, ka dawo ka sa rigar baƙo ka cuce mu a gida.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa irin wannan faɗakarwa za ta sa a kori kowane baƙo. Wannan asara ce ta gaske, domin masu saye daga waje suna nan: 'yan'uwa a Jidda da zangon Kumasi da Landan suna neman hula da shadda da kayan lefe, kuɗinsu kuma halas. Sai dai rarrabe ku ba ya buƙatar boka. Mai saye na gaskiya yana tayawa, a ce masa albarka, ya ƙara, a sallama. Yana tambayar yadi nawa, yana so a haska masa launin a rana ta bidiyo, yana ƙorafin tsadar jigila, galibi ma yana da ƙane a Kantin Kwari da zai zo ya taɓa ya gani. Kai ba ka taɓa tayawa ba, ba ka ma kiran kayan da sunansu. Kana odar kilishi kwali goma zuwa Ingila, ƙasar da ta hana shigo da nama daga irin ƙasashenmu, ko a jikinka, tunda ba kilishin ne ya dame ka ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga sharuɗɗan ciniki daga yau. Za a kira ka ta bidiyo, ka ɗauka. Kuɗi za su zo daidai, da sunanka, ta hanyar da mai kaya ya zaɓa, su zauna a asusu har banki ya tabbatar. Mai kaya ne zai zaɓi kamfanin jigila, ya riƙe rasit. Idan sakatarenka ya sake kuskure, banki zai mayar da kuɗin gaba ɗaya inda suka fito, ciniki ya mutu. A gaida wakilin jigila, a ce masa kada ya wahalar da kansa zuwa.

Wassalam,
Wani mai magana da yawun masu ƙananan sana'o'i.