Babarbare a Gindin Bagale

Bawana Babarbare! An nuna mini hoton da ka sa a Facebook, kana tsaye kan wani falalen dutse cikin babbar riga da hula zanna, ka ɗaga hannu sama, ka rubuta wai ka ci Dutsen Bagale da yaƙi. Na ƙura wa hoton ido. A bayanka ga Keke Napep ɗin da ya kawo ka, mai keken yana kishingiɗe a ciki yana jiran kuɗinsa. Tun yaushe Napep ya fara hawa ƙololuwar Bagale?

Samarin da kuka tafi tare sun kwance mini jakar labari. An ce a haɗu a bakin gadar Jimeta bayan sallar asuba. Kai kuwa sai da ka rufe cikinka da burabusko, ka tsaya aka turara maka riga, sannan ka iso hantsi ya dubi ludayi. Guzurinka ledar ruwa biyu da kwalbar turare a aljihu. Takalminka na fata ne mai santsi, irin na zuwa ɗaurin aure. Kuma duk wannan a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi a Yola kan haura 40, iska ta tsaya cak a kwarin Binuwai, dutse ya sha rana ya ƙoshi yana mayar wa mutum da ita ta tafin ƙafa. Ba ku yi nisa ba ka nannaɗe rigar a wuya, hular ta koma mafici, ka samu gindin wata bishiya ka zube kamar buhun bandar Baga. Da aka ce ka tashi, sai ka ce kai dama nazarin yanayin ƙasa ka zo yi. Wani yaro makiyayi, sanda a wuya, ya zo wucewa da awakinsa, ya dube ka, ya miƙa maka goran ruwansa. Ɗanmu ne, ka je ka yi masa godiya.

Ban ga laifinka sosai ba. Mutumin da ya tashi a Yerwa, inda tudu mafi tsawo shi ne gadar sama, me ya haɗa shi da dutse? Na san za ka kawo mini Gwoza da Biu. Waɗancan duwatsu suna da masu su, kuma ba Barebari ba ne.

Ka ma san abin da ka taɓa? Bagale a da tungar ƙabilar Bata ce, mazaje da suka tsaya a kanta suka gagari doki da mashi shekara da shekaru. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841 yana kallon dutsen nan ta tsallaken kogi, har ya rasu a 1847 bai shigo hannu ba. Sai a zamanin ɗansa Lamiɗo Lawal, wajen 1853, aka samu kansa. Abin da ya sha wa mayaƙa kai, shi ne za ka gama da shi kafin azahar da ledar ruwa biyu.

Dama yawon buɗe ido da Babarbare a gaba bai taɓa yin albarka a ƙasar nan ba. A watan Yunin 1851 Baturen Jamus Heinrich Barth ya iso Yola daga Kukawa da rakiyar mutanen Shehun Borno, ɗauke da wasiƙun da suka tayar da maganar iyaka. Lamiɗo Lawal ya sallame su, ko mako guda ba su yi ba. Bawan Allah ya sha doguwar tafiya don ya ga Fombina, ƙasar Lamiɗo, 'yan rakiya suka ja masa.

To, tunda hakkin bawa yana wuyan ubangidansa, saurara. Ba a hawan dutse a tsakar bazara. Ka bari sai ruwa ya ɗauke, Nuwamba zuwa Janairu, ko da safiyar damina idan dutse ya bushe ba santsi. A fita da asuba, a sauko kafin rana ta take. Ruwa jarka guda, malfa a ka, takalmin roba irin namu da kuke yi wa dariya, kuma a nemi ɗan gari ya shige gaba. In ka iya Bagale, sai mu leƙa duwatsun nan uku na Song. Daga nan Sukur a Madagali, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, na farko a Najeriya, inda mutane suka shimfiɗa hanyar dutse da hannu har zuwa gidan Hidi, sarkinsu. Tsofaffin mata na hawanta da kaya a ka, don haka kada ka fara neman uzuri. Dimlang kuwa, a tsaunukan Shebshi, mai tsayin mita 2,042, ko a mafarki ban yarda ka je ba, ba ni da kuɗin ɗauko ka.

Ka goge hoton nan kafin mutanen Girei, maƙwabtan dutsen, su gani. Asabar ta farko a watan Disamba ina jiranka a bakin gada da asuba. Ka bar babbar rigar a gida, kai ne mai ɗaukar jarkar ruwa.