Zomon Alhaji da Buhun Ɓerayen Masar

Duk wanda ya keto sahara daga Agadas, ya bi ta Dirku da Gatrun a bayan Hilux har ya iso Sabha da ransa, yakan ɗauka ya gama ganin tashin hankali. Ai kuwa da saura. Alhajin da nake wa gadi a unguwar Gurda ya tafi Turabulus da iyalinsa, ya bar mini amanar farin zomo da ɓerayen Masar biyu na 'yar autarsa, kowa da buhun abincinsa mai hotonsa a jiki. Da zai shiga mota ya ce idan zomon nan ya mutu, albashina ya bi shi.

Daren da iskar gibli ta taso, gogan ya ɓalle ƙofar keji, ya tsallake buhunsa, ya huda na maƙwabtansa. Ya ci iya cinsa, ya tsula fitsari a kan ragowar. Da asuba na tarar da shi a miƙe, ciki kamar tulu, hanci na rawa, yana kallona ba ko kunya.

Na saɓa shi sai teburin mai shayi, inda 'yan Maraɗi da Damagaram da Kano ke haɗuwa kafin a ɗebe su aiki. Nan kowa ya zama likita. Wannan ya ce madara, wancan ya ce a sa masa yatsa a maƙogwaro ya amayar. Wani dattijo ya shafa bayansa, ya auna nauyinsa a hannu, ya ce, "Yaro, a yanka shi tun bai zama mushe ba." Na lura har ya fara tambayar inda ake samun yaji.

Da na kai shi wurin likitan dabbobi kuwa, dariya ya yi har da hawaye. Ya ce zomo ba ya iya amai ko kaɗan, gara da ban taɓa maƙogwaronsa ba. Abincin ɓeran Masar na kwana ɗaya ko biyu ba ya kashe zomo. Bambancinsa da na zomo shi ne bitamin C da ake ƙara masa, shi kuwa zomo jikinsa ne ke haɗa nasa. Kada dai ya zama cimarsa ta kullum. Abin da ya fi buƙata busasshiyar ciyawa ce, kusan kashi 80 cikin 100 na abincinsa, don haƙoransa ba sa daina tsiro. Ɗanyar ciyawar safsafa ta gonakin Sabha ma a riƙa taƙaita wa babban zomo, kalsiyam ya yi mata yawa.

Sai ya daina dariya, ya ce, "To su ɓerayen, me za su ci yanzu?"

Na ce ai ga buhun zomo nan cike, ramuwar gayya.

Ya dafe kai. Ashe nan haɗarin yake. Ɓeran Masar, wanda asalinsa duwatsun Andis ne a Kudancin Amurka, ba ya haɗa bitamin C, kamar mu 'yan Adam. Idan ya yi makonni kan abincin zomo, sai dasashi ya fara jini, gaɓoɓi su kumbura. Ya umarce ni da ba su ɗanyen tattasai kullum har a sayo wani buhu.

Haka na koma ina yanka wa ɓeraye tattasai da kuɗin aljihuna, ni ina tura busasshen burodi da ruwan shayi. Alhaji ya dawo ya ga zomo ya yi ƙiba, ya ce lallai iskar gidansa akwai albarka. Kuɗin tattasai kuwa har yau ban gan su ba.