Fakara da Malam Dila

Ga ta nan, ga ta nanku.

A ƙasar noma da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, inda masara ke shanye tsayin mutum in damina ta yi albarka, auduga kuma ta yi fari fat da kaka, an yi wata Fakara, 'yar fari a gidansu. Ubanta ba shi da gona tasa, kala yake bi. In manoman Bakori da Kafur sun karye masara sun kwashe, sai ya shiga da iyalinsa su tsince abin da ya zuba. Da can har wajen Dandume da Faskari yake kaiwa, amma tun da 'yan bindiga suka hana mutane noman gonakin nesa, kalar ma ta ja baya. Da wannan 'yar tsintuwa ya tara kwando bakwai, ya kai 'yarsa makarantar Gindin Tsamiya, kusa da dam ɗin Mairuwa, inda ake koya wa tsuntsaye da ƙananan dabbobi sanin magani, ɗorin karayar fiffike da gane tarko.

Dangi ba su so ba. Wan uban, wanda yara ke kira Baffa, ya faɗa a gaban kowa: "Kai ta, za ka ga abin da za ta kwaso maka." Uban ya ce ya san tarbiyyar da ya yi. Ƙannen Fakara mata uku suna gefe suna ji, kowacce na jiran a ga yadda yayarsu za ta fita kafin a yi maganar tata.

Dila, malamin daji, shi ke koyar da magani, kuma ba mai fita da takardar shaida sai ya sa hannu. Ya san karatu, wannan ba a ƙwace masa ba. Rawaninsa kullum fari, sahun gaba ba ya wuce shi, in an yi rasuwa shi ke fara zuwa gaisuwa.

Ran nan aka tashi daga aji, sai ya ce, "Ke Fakara, ki same ni a ramina bayan la'asar, akwai gyara a aikinki."

Ta je ta durƙusa daga bakin rami. "Allah gafarta Malam, ga ni."

"Shigo mana. Ai ni uba ne a gare ki." Da ta shiga sai ya sassauta murya. "Kina da ƙwaƙwalwa, amma ƙwaƙwalwa kaɗai ba ta ƙetarar da ɗaliba a hannuna. Ki dawo bayan magariba, ke kaɗai. Ki taimake ni in taimake ki."

Ya miƙa hannu ya shafi gashin wuyanta. Fakara ta yi fir ta fice, ba ta tsaya ba sai cikin karan dawa, jikinta na rawa. Ba ta koma ba. Da aka manna sakamako a jikin tsamiya, sai ga ta ta faɗi a darasin da ita ke koya wa 'yan ajinsu da dare.

Gizo, shugaban aji, ya same ta. "Ke ma kin cika taurin kai. Malam ya ce har yanzu ƙofa a buɗe take. Dare ɗaya ne, wa zai sani?" A nan ta gane dalilin da Gizo, wanda ba ya zaman aji, bai taɓa faɗuwa ba.

Ta gaya wa ƙawarta Kurciya. Kurciya ta duba gabas ta duba yamma, ta ce, "Rufa wa kanki asiri. Kin san me ya sa kan Zabuwa ba gashi? Ita ta kai Malam ƙara. Aka kafa kwamiti, Muzuru da Tunku da Yanyawa, duk abokan hirar Malam, kuma ba wanda bai taɓa cin tsuntsu ba a cikinsu. Me ya kai ki raminsa? Wane irin zanen gashi ne wannan a jikinki? Me ya hana ki faɗa tun ranar? Kowace tambaya da saran baki a ka, har gashin ya ƙare. Daga baya aka ce an kama ta da satar amsa, aka kore ta. Ga ta can bakin hanyar Zariya tana kuka, kowa na cewa surutu ne ya yi mata yawa."

Da kaka aka ba da hutu, Fakara ta tafi gida da niyyar faɗa wa uwarta. Suna murza masara a tsakar gida, ta buɗe baki, sai maganar ta fito a karkace.

"Inna, wata ƙawata ce malami ke nema da lalata. Ta ƙi, ya kayar da ita."

Uwar ta saki masarar. "Innalillahi! Allah Ya tsare mu. Ke 'yar nan, ki fita harkarta. Malami ba ya neman yarinya haka kawai, sai ya ga fuska."

"Inna, wallahi ba ta yi komai ba."

"Ko ba ta yi ba, wa zai yarda? Magana in ta fita, ita za ta manne wa, shi ya kaɗe rigarsa. Wa zai aure ta? Ni da 'yata ce, ko kwana ɗaya ba za ta ƙara a makarantar nan ba. Gida za ta dawo a yi mata aure tun asiri na rufe."

Fakara ta ci gaba da murza masara har yatsunta suka yi ja. Daga zaure tana jiyo muryar Baffa, daga bayan ɗaki kuma ƙannenta suna wasan makaranta, babbarsu ta ɗaura tsumma a ka wai ita ce malama. Ta yi lissafi. In ta faɗa, karatunta ya ƙare, kwando bakwai sun tafi a banza, maganar Baffa ta tabbata, ƙanne uku kuma ba wadda za ta ga ƙofar aji. Dila fa? Dila zai kwana a raminsa.

Ni mai ba da wannan tatsuniya, nan ne wurin da ya fi yi mini ciwo. Uwar nan ba muguwa ba ce, son 'yarta ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, kuma ta san garinsu sarai. Amma a yammacin nan ta yi wa Dila aikin da ko Gizo bai iya yi masa ba. Masu cewa tsoro ne ko sakarci ke hana yara magana ba su zauna sun yi lissafin da yarinyar nan ta yi ba. Lissafinta daidai ne, laifin yana wurin waɗanda suka sa ya zama daidai.

Duk da haka, da aka koma makaranta ta gwada. Akwai akwatin koke a jikin tsamiya, amma makullinsa na wuyan Muzuru, don haka ta wuce kai tsaye wurin Kunkuru, shugaban makaranta.

"Ranka ya daɗe, ƙara na kawo."

Kunkuru ya saurara, wuyansa na komawa ciki sannu sannu. "Ina shaidarki? Wa ya gani? Yarinya, Malam mai iyali ne, kada ki raba shi da abincinsa. Kuma in maganar nan ta kai kasuwar Funtua, wane uba zai sake kawo mana 'yarsa? Ki bar shi da Allah."

Kafin magariba Dila ya ji komai. Ta sake faɗuwa.

Haka rani ya wuce. Da bazara ta kama, kullum sai ta sauka bakin dam tana waƙa a hankali:

In na faɗa, a ce me ya kai ni,
In na yi shiru, Dila ya ci ni,
Kwando bakwai na Baba,
Wa zan gaya wa, ruwan Mairuwa?

Ashe Shamuwa ta iso, gabanin ruwan fari kamar yadda ta saba, tana kan wata bishiya tana ji. Ta sauko ta ce, "'Yata, gaya mini." Fakara ta kwashe duka ta faɗa. Shamuwa ba ta tambaye ta me ya kai ta ba.

"Ni a bishiyoyin cikin gari nake sheƙa," in ji Shamuwa, "ina jin rediyon mutane, kuma su ma suna da Dilolinsu. A 2018, a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, wata ɗaliba ta naɗi muryar Farfesa Richard Akindele a waya yana neman ta da lalata kafin ya ba ta maki. Muryar ta bazu, jami'a ta kore shi, hukumar ICPC ta kai shi kotu, a watan Disamba aka ɗaure shi shekara biyu. A Oktoban 2019 BBC ta fitar da binciken da aka yi da ɓoyayyar kyamara a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana. 'Yar jaridar da ta gabatar da shi, Kiki Mordi, ita kanta irin wannan ne ya raba ta da karatun jami'a. A watan Oktoban dai Jami'ar Ahmadu Bello, nan Zariya kusa da ku, ta sallami ma'aikata 15 kan laifuffukan da suka haɗa da wannan. A 2023 kuma 'yan mata masu karatun lauya a Jami'ar Kalaba suka fito a tare da kwalaye a kan shugaban tsangayarsu, aka dakatar da shi."

"Gwaggo, ashe mutane sun gama da matsalar."

"Ina! Majalisar Dattawansu ta amince da ƙudirin doka a Yulin 2020, mai ɗaurin da ya kai shekara 14, amma har shugaban ƙasar lokacin ya sauka a 2023 ba a sa masa hannu ba. Ki lura da abu ɗaya: a Ile-Ife sai da aka ji murya, a Legas sai da aka ga hoto, a Kalaba sai da suka taru. Bakin yarinya ɗaya bai isa ba. Akwai Aku a wani gida a Funtua, abin da ya ji shi yake maimaitawa, da muryar mai shi. Zan roƙe shi. Sai dai Aku, kwamiti kaɗai zai iya yi miki maganinsa. In kin fito daga gaban kwamiti, gida za ki koma. Fara da can."

A daren nan Fakara ta tafi gida. Ta sami ubanta shi kaɗai a zaure, ta durƙusa. "Baba, ƙawar da na ba Inna labari, ni ce."

Uban ya daɗe bai ce komai ba. Ta jira ya ce ta tattaro kayanta. Can ya ɗago.

"Tun yaushe?"

"Tun damina waccan."

"Kika ɗauki wannan ke kaɗai tun damina waccan?" Muryarsa ta karye. "Ba za ki bar makaranta ba. Wanda ya yi laifi shi zai bar ta."

Da safe Baffa ya zo yana cewa ai ya faɗa. Uban ya ce, "Yaya, ka ce za ta kwaso abin kunya. Sau biyu aka kayar da ita don ta ƙi. Ni ban ga abin kunya a wurinta ba." Uwar tana ɗaki tana kuka. Da za su fita, ita ta kawo kwandon da za a ɓoye Aku, ta rufe shi da ganyen masara da hannunta.

Fakara ta je ramin Dila da kwando a ka, ta tsaya daga baki, ubanta na laɓe a bayan suri. Dila ya ɗauka ta sauko, ya saki baki ya faɗi komai.

Suka kai ƙara, aka kafa kwamiti. Ranar kwamiti, Muzuru ya gyara zama ya ce, "Me ya kai ki..." Uban ya buɗe kwando. Muryar Malam Dila ta cika gindin tsamiya: "Ki dawo bayan magariba, ke kaɗai. Takardarki na hannuna." Wuri ya yi tsit. Sai Kurciya ta miƙe tana rawar jiki ta ce, "Ni ma." Hasbiya ta miƙe. Daga can baya Zabuwa ta taho da kanta ba gashi, ta tsaya a gaban Tunku.

Kunkuru ya ce a sallami Dila cikin rufin asiri, kada a rubuta dalili, saboda sunan makaranta. Uban Fakara ya ƙi tashi sai da aka cire makullin akwati daga wuyan Muzuru aka ba Balbela, wadda ba ta ƙarƙashin kowane malami, aka kuma mayar da Zabuwa aji. Wani malami ya sake duba aikin Fakara, ta ci, amma sai da takardarta ta shekara a ofis kafin a ba ta. Hankaka ya kai sunanta kowace kasuwa daga Bakori har Malumfashi, saurayin da ke zuwa zance ya ɗauke ƙafa. Da kaka ta zagayo, uban ya kai ƙanwarta makaranta da kansa, ya ce mata a gaban Kunkuru, "Duk wanda ya kira ki raminsa, ni za ki fara gaya wa." Dila kuwa, da yake takardar sallamarsa ba ta faɗi komai ba, an ji yana koyarwa a wata makaranta a dajin Danja.

Ƙurunƙus.

Iyayenmu na Funtua da Malumfashi da kewaye, ku da ke sayar da masara da waken suya ku tura 'ya'ya Zariya da Katsina da Dutsin-ma: ranar da za ku raka yarinya tasha, ku gaya mata da bakinku cewa in wani malami ko ma'aikaci ya neme ta, ta faɗa muku, kuma ba za ku cire ta daga makaranta saboda ta faɗa ba. In kuma wata rana ta zo muku da labarin wata ƙawarta, ku ajiye abin da kuke yi ku saurare ta har ƙarshe.