Wutsiyar kunama a bakin kwata

A Adjamé Mairie ba a tsayawa kallon ciyawa. Wanda ya tsaya, in motar haya ta gbaka ba ta ture shi ba, mai amalanke zai ture shi. Ni kuwa har tsugunawa na yi a bakin kwata, saboda gardamar Kawu mai sayar da abincin garba, mutumin Maraɗi, wanda ya rantse cewa abin da ya tsiro a bayan teburinsa karkashi ne, Allah ya aiko masa da shi har Abijan.

"Kawu, ai furen karkashi irin na riɗi ne. Dubi wannan."

Furanninsa mitsi-mitsi ne, farare da ɗan sirkin shuɗi, sun jeru a gefe ɗaya na tsinken, kansa kuma ya nannaɗe kamar wutsiyar kunama. Ganyen ga kaushi, ga gashi. Na murje shi a ruwan wankin hannun masu cin garba, babu yauƙi ko na rantsuwa. Kawu ya ce ruwan Abijan ne ba ya da albarka.

Sai na zaro waya na ɗauki hotonsa. Manhajar Pl@ntNet ta ce Heliotropium indicum ne, ɗan dangin Boraginaceae. Kafin in ɗago, an kewaye ni. Wata mata ta ɗauka boka ne ni, tana ta kwatanta mini ciwon ƙugunta da Julanci. Na ce mata masu magani kan ɗora ganyen a kan gyambo, amma yana da dafin da ke lahanta hanta, kada a kai shi tukunya. Wani dattijo ya leƙo ya ce, "Karkashin ƙorama ne."

Kawu bai saurari "ƙorama" ba. Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Kun ji ko!"

Gwiwar hannun nasa ce ta daki wayata, ta faɗa kwata, tsulum! Yaron gbaka da ke ihun "Abobo! Abobo!" ya bar fasinjansa ya zo kallo.

A kasuwar Black Market mai gyara ya sansana wayar, ya ƙara kuɗi. Da na dawo, Kawu ya ba ni garba kyauta, ban da kifi. Wai wanda aka kayar a gardama ba ya cin kifi.