Mutanen Bakin Tafki

Shekarun da Baba ya yi yana tseren kwale-kwale mai inji a tafkunan jihar Washington ta Amurka ba su tara mana kofuna ba, mutane suka tara mana. Jirgin na siririn katako ne, shi ya haɗa abinsa a gareji, a durƙushe ake tuƙa shi, hannun dama a sitiyari, na hagu a totur. Ko sisi ba a samu. Amma duk ƙarshen mako, da zarar sanyi ya wuce, sai mu tarar da su a bakin ruwa, kowa da halinsa.

Akwai mai aro, wanda ya zo da jirgi da hular kwano amma bai taɓa mallakar sifana ba. Akwai wanda ba a taɓa cin sa ba: fulogi ne ya mutu, ko mai ne ya gurɓace, ko iska ce ta juya ana gab da farawa. Akwai mai ɓoye farfela, wanda ke naɗe ta a tawul ya sa a aljihu ko banɗaki zai je, alhali na bakwai yake zuwa. Sai sarkin gaggawa, da kullum yake tsallake layi kafin babban agogon farawa ya cika, ya zo na ɗaya yana ɗaga hannu, sannan a gaya masa an cire shi.

Gwanina dai shi ne dattijo Ina-Wurin. Ba shi da jirgi, ba shi da ɗa a tseren, kujerar naɗewa kawai yake da ita, kuma a gefen motarmu yake kafa ta. Yana wurin a watan Yunin 1950 da jirgin tsere Slo-mo-shun IV ya haura mil 160 a awa a Tafkin Washington. Yana wurin da jirgin ya ci Kofin Zinare a Detroit a shekarar, ya jawo gasar zuwa Seattle. Ted Jones, mai tsara jirgin, sai da ya nemi shawararsa. Bill Muncey, mai kofin nan har sau takwas, "Bill" kawai yake ce masa. A wurinsa inji ya ƙare daga Allison da Rolls-Royce Merlin, waɗanda aka ciro daga jiragen saman Yaƙin Duniya na Biyu. Na jirgi mai saukar ungulu da manyan 'yan tsere suka koma wa daga baya, na'urar busar da gashi yake kiransa. To ina ga ɗan injin Mercury ɗin Baba? Sai ya bari Baba ya sunkuya, gumi na ɗiga, saura minti biyar a kira rukuninsu, sannan ya miƙo wuya: "Yaro, kunnena ya gaya mini injin nan mai ya yi masa yawa." Baba ya ce, "Haka ne, dattijo," bai taɓa komai ba. In ya ci, shawarar ce ta yi aiki. In ya faɗi, ai an gaya masa. Ranar da dattijon ya yi rashin lafiya bai zo ba, Baba ya yini yana waiwayen gurbin kujerar.

Mu 'ya'yan direbobi kuma leburorin kyauta ne, masu shiga ruwan sanyi har ƙugu mu ɗaga bayan jirgi a ja igiya. Harshenmu biyu: "mun ci", da kuma "Baba ya faɗi". Har yau da su nake ba da labari.

Waɗanda ban yafe wa ba su ne masu zama daidai kwana da kyamara da akwatin ƙanƙara. Ba tsere suka zo gani ba. Jira suke iska ta shiga ƙarƙashin jirgi ta ɗaga shi ta kifar, irin haɗarin da ya kashe Muncey a Acapulco ta Meziko a 1981. Na ga sun miƙe da shewa ana ciro wani saurayi daga ruwa, mahaifiyarsa na tsaye kusa da su. Ɗayansu ya taɓa tambayar Mama ko yau mijinta zai ɗan wuntsula musu, don sun biya kuɗin ajiye mota. Mama ta ɗauko kuɗin daga jakarta, ta miƙa masa, ta nuna masa hanyar fita.