Mu a Zuru, yaro a waje yake girma

Ana ta labarin wai a Amurka da Ingila iyali kan ɗauki tanti su je daji su kwana don yara su sha iska. Madalla da su. Mu nan Zuru ai gadar abin muka yi, kwanan gona.

Da kaka ta kama, dawa ta sunkuyar da kai, sai rabin gida ya tare a bukkar gona. Ɗan ƙaramin yaro ma da aikinsa: ya kaɗa gwangwani ya kori tsuntsaye, ya kwarma ihu in biri ya gangaro daga dutse. A nan yake sanin kanya da ɗinya, ya san wurin da ba a zura hannu saboda kunama. Da dare a hura wuta a gasa dankali, tsofaffi su ja tatsuniya har barci ya kwashe kowa. Irin wannan yaro ba a lallashinsa ya ci tuwo! Ƙafarsa da ƙarfi, idonsa a buɗe, ga jure wahala.

Kuna zaton samarin Dakarkari da ake kallo suna kokawa lokacin bikin Uhola a ɗaki suka koya? A yashi suka fara kayar da juna tun suna tsirara. Mai golmo da ke shekaru yana noma wa surukansa, tun yana bin babansa da 'yar fartanya ya saba da rana.

Yau kam an san abin da ya tsare mu. 'Yan bindiga sun addabi ƙasar Danko-Wasagu da Sakaba, kuma tun da aka kwashe ɗalibai a Birnin Yauri a 2021 hankalin iyaye bai kwanta ba. Ba wanda zai ce a kai yaro daji ya kwana, Allah ya kiyaye. Amma kulle shi a ɗaki da waya a hannu daga la'asar har isha'i, wannan ma cuta ce.

Dandalin unguwa dai yana nan, gonakin bakin gari ma suna nan. Malam, in za ka gona da hantsi, tafi da ɗanka. Iyaye mata, a bar 'yan mata su fito su yi gaɗa da 'yar gala-gala, maza su yi langa. Mu manya mu riƙa karɓa-karɓa, kowace yamma mutum biyu su shimfiɗa tabarma a bakin dandali su sa ido.